Jirgin Talata da Ban Hau Ba

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya ara mini kwana har furfura ta cinye kaina. Ummi, gyara zama ki riƙe alƙalamin nan da kyau. Wannan ba irin tatsuniyar da nake yi miki kina ƙarama ba ce, babu kura babu zomo a cikinta. Ni ban yi boko ba, allon ma iyakata surorin da zan yi sallah da su, saboda haka abin da bakina ya faɗa shi za ki sa a takarda. Kada ki gyara mini, kada kuma ki sassauta don kina jin tausayina.

Shekaranjiya kin dawo daga bikin nan na unguwar Kongo idonki ya yi ja, kika ce wata ta gaya miki tsoron jirgin sama ne ya hana kakarki ganin uwarki kafin ta rasu. Shekara goma sha tara ke nan ana faɗin haka a Tudun Wada, ban taɓa buɗe baki na musa ba. Tsohuwa mai tsoron jirgi ai abar dariya ce, a yi mata tsiya a wuce. Na fake a bayan maganar nan kamar yadda ake fakewa a zaure in ruwa ya sauko. Amma ni da na hau jirgi har Makka na dawo, ina cin dabinona a sama, ba tsoro ne ya hana ni ba. Yau zan gaya miki abin da ya hana ni.

Uwarki ita ce 'yar farina. A yadda aka tashe mu, mace ba ta kama sunan ɗan farinta, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta bari a ga ya dame ta. Ana yaye ta kakarta ta wajen uba ta ɗauke ta zuwa Dutsen Abba, ba ta dawo hannuna ba sai da ta isa shiga makaranta. Ta tarar ƙannen mijina suna ce mini Yaya, ita ma ta ɗauka, har ta girma ta yi aure Yaya take ce mini. Ni kuwa sai dai in ce ke, ko in ce yarinyar nan. Wata rana tana shekara bakwai man ƙosai ya fallatsar mata a hannu, ta kwarma ihu, ina tsaye da matsami a hannuna, sai na ɗaga murya na kira maƙwabciya ta zo ta ɗauke ta. Ranar an yabe ni a gidan nan, aka ce Dije akwai kunya, Dije 'yar mutunci ce. Na ji daɗin yabon, kada in ɓoye miki. Son da nake yi mata kuwa a ƙarƙashin tuwo nake binne shi. Duk tsokar da ta fi kyau a tukunya, a ƙasan kwanonta take kwana, in rufe da miya. Ta sani, na san ta sani, ba mu taɓa magana a kai ba.

Ta yi karatu ta zama malamar makaranta, ta auri ubanki Malam Aminu, aiki ya kai su Yola, suka zauna a Jimeta. Shekara goma sha ɗaya babu haihuwa, ciki biyu ya zube. Da naki ya zauna, likita ya hana ta doguwar tafiya, saboda haka ba ta zo goyon ciki gida ba kamar yadda ake yi. Aka tsayar ni zan je in yi mata wankan jego. Tun cikin yana wata shida na fara tanadi. Na surfa gero na yi garin kunu, na sayi kanwa mai kyau, na tara citta da kanumfari da masoro da kimba don yaji, ga daddawa, ga kuka, ga busasshiyar kuɓewa. Matan Fulani suka cika mini jarka da man shanu. Na sa aka ƙera mini babbar tukunya ta dafa ruwan wanka, wadda kike gani a kife a bayan ɗaki. Abin da na kasa faɗa mata da baki shekara talatin da wani abu, shi na ɗure a buhu biyu.

Ranar Litinin bayan la'asar kawunki Sani, ƙanin uwarki, ya shigo da wayarsa a hannu yana murmushin da bai kai ido ba. Kakanki Malam ya riga ya rasu a lokacin, Sani ne namijin gidan. Ya miƙo mini ya ce surukina ne. Ubanki ya gaishe ni gaisuwar suruki, ya tambayi gida ya tambayi gajiya, sannan ya ce:

"Inna, an sauka. An samu mace."

"Masha Allah. Allah ya raya. Ya mai jikin?"

"Da sauƙi, Inna. Aiki aka yi mata. Jinin ne ya ɗan hau, amma da sauƙi."

Ummi, kin san mu. Mutum yana gargarar mutuwa ma in an tambaya da sauƙi ake cewa. Sai ubanki ya ƙara da wata murya ƙasa-ƙasa:

"Gobe Talata akwai jirgi daga Kano, da tsakar rana. Na kama muku wuri biyu ke da Sani. Da ma a ce kin zo, Inna."

Suruki mai kunya irin ubanki ya ce da ma a ce kin zo, wannan ihu ne. Na ji shi, kunnena ƙalau.

Da aka kashe waya Sani ya durƙusa a gabana ya shiga lissafa mini tafiyar da yatsu. Ya ce mu tashi nan da hantsi, awa biyu mota ta kai mu Kano. Ya ce daga filin jirgin Kano zuwa na Yola, a sama, kilomita ɗari biyar ne da 'yan kai, jirgi ba ya bin kwana ba ya ratsa gari, miƙewa yake yi sak kamar zaren da aka ja.

"Awa ɗaya ce fa, Inna. Ki yi azahar a gefen gadonta. In ta mota ce kuwa, sai mun zaga ta Jos da Bauchi da Gombe, yini guda cur, in an yi sa'a ke nan."

"Kayana fa?"

"Jaka ɗai-ɗai suke bari. Ba za su ɗauki buhu biyu da tukunya da jarkar mai ba. A aiko su a mota daga baya."

Goggo Laraba, yayar kakanki, tana zaune a kan tabarma tana ɓare gyaɗa. Ta tafa hannu ta riƙe haɓa.

"Yau ni Laraba na ji sabon salo. Jirgi! Don 'yar fari ta haihu? Ai sai Tudun Wada ta ɗauka, a ce Dije ta kasa haƙurin kwana uku ta bi iska. Kuma ki shiga gidan suruki hannu rabbana, da 'yar jaka kamar mai zuwa asibiti awo? An ce miki da sauƙi. Wace ce ba ta haihu ba?"

Allah ya jiƙan Goggo, ban ɗora mata laifi ba, kada ke ma ki ɗora. Na haura hamsin a lokacin, babu mai hana ni fita. Abin da ta faɗa da bakinta shi ne yake zaune a cikina tun kafin ta yi magana. Na ga kaina ana nuna ni a gidan biki, ana cewa ga wadda ta yi rawar kai a kan 'yar fari. Na dubi buhunan nan da na yi wata uku ina haɗawa. Sai na ce wa Sani ya gaya wa ubanki an gode, Allah ya yi albarka, zan taho a mota da kaya ranar Alhamis ko Juma'a, kafin suna dai ina can. Sani ya buɗe baki, na ɗaga masa hannu. Ya tashi ya fita bai ko karkaɗe gwiwarsa ba.

Da safe Maman Nkechi ta faɗo gidan ko sallama ba ta gama ba. Kin san ta, mai shagon yadi da zare a ƙofar gidanmu, shekara ashirin muna musayar tuwon sallah da shinkafar Kirsimeti. Ta tsaya a kaina ina daka yaji, ta riƙe ƙugu.

"Hajiya, me nake ji? An saya miki jirgi kin ce ba ki zuwa?"

"Zan je mana. Kaya ne suka yi yawa."

"Kaya! Kaya ne ya haihu ko 'yarki? Bar mini su, ni zan sa su a mota da hannuna, in cokali ɗaya ya ɓata ki kama ni. Ɗauki mayafinki, har yanzu rana ba ta yi ba."

"Maman Nkechi, mu a wajenmu akwai kunya. 'Yar fari ce."

"Kunyar za ta ɗaga ta ta ba ta ruwa? Ni in Nkechi ta yi tari a Anacha, kafin ta yi na biyu ina tasha."

Na yi dariya na ce ku dai ba ku san kara ba. Ba ta yi dariya ba. Ta dube ni ta daɗe, ta ce Allah ya sa kada ki tuna maganata, ta koma shagonta.

Kafin azahar tsakar gida ta cika da mata 'yan barka. Ana ta guɗa ana tsokanata, wai na samu kishiya, wai na tsufa a hukumance. Ƙananan jiragen nan na 'yan koyon tuƙi da ke shawagi a kan Zariya kullum, ranar ji nake kamar a cikin kaina suke wucewa. An idar da sallah ke nan Sani ya shigo da waya, ya ce ita ce da kanta. Na karɓa a tsakiyar mata, duk suka yi tsit don su ji. Muryarta ta fito siririya kamar daga cikin rijiya.

"Inna."

Tunda ta iya magana ba ta taɓa kirana da wannan sunan ba. Na ji taɓarya ta yi mini nauyi a hannu.

"Inna, kin sauka?"

Ido wajen ashirin a kaina, Goggo tana gefe. Na gyara murya na ce:

"Ina nan Zariya. Ke dai ki kwantar da hankalinki ki kula da 'yar mutane. Ina tafe kafin suna."

 Can ta ce:

"To, Inna. Allah ya kawo ki."

Mata suka fashe da dariya, wata ta ce ai Dije ko a waya ba ta sakin jiki. Na yi musu murmushi, na ce bari in duba wuta. Na shiga madafi na yafito Sani. Na ce masa jirgin nan fa, ko za mu same shi. Ya dubi agogonsa, ya dube ni.

"Ya tashi, Inna. Ya ma sauka tuni."

Ban gama dakan yaji turmi ɗaya ba, jirgi ya tashi daga Kano ya sauka a Yola da kujerata babu kowa. Wani ba ya tashi daga Kano sai Juma'a. Sani ya nemi na Abuja aka ce ya cika. Na ce to gobe da asuba mu bi mota.

Laraba muna idar da sallar asuba muka isa tashar Kwangila, amma mota ba ta cika ba sai da rana ta ɗaga. Direba ya tsaya gardama a kan kayana, ya ce wannan tukunya ai fasinja ce. Ko a nan ban ce a bar su ba. Aka ɗaure ta a saman mota, duk ramin da muka faɗa sai ta yi ƙara. Pambeguwa, Saminaka, Jos, Bauchi, ina ƙirga garuruwa kamar mai ƙirga bashin azumi. Bayan Bauchi mota ta fara tari ta tsaya, aka lallaɓa ta, ta sake tsayawa. Da ƙyar ta ja mu Gombe bayan isha'i, direba ya ce ko za a yanka shi ba ya ƙara taku sai makaniki ya gani da safe. A tasha muka kwana. Da gari ya waye Sani ya je wajen mai shayi ya karɓo mini, ina hango shi, sai na ga ya kai waya kunne. Ya juya mini baya. Ya cire hularsa ya riƙe, ya tsuguna a nan gaban tebur, ya daɗe. Da ya dawo shayin ya huce a hannunsa.

"Waye?"

"Yaya Aminu ne. Ya ce da sauƙi."

Na karɓi shayin na ajiye a ƙasa. Ni na haifi Sani, na san fuskarsa tun ba ta da gemu. Bai faɗa ba, ban tambaya ba. Haka muka zauna kafaɗa da kafaɗa, muka wuce Kaltungo, muka haye gadar Numan, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa abin da duk mun sani, tukunya tana ta ƙara a samanmu.

Bayan azahar muka shiga Jimeta. Tun daga bakin layi na hango tabarmi a ƙofar gida, maza a zazzaune. A gabansu aka sauke mini buhu biyu da jarka da tukunyar wankan jego, kowa ya sunkuyar da kai. Ubanki ya taso ya durƙusa.

"Inna, sai haƙuri. Da asuba ne. Mun kai ta da hantsi. Na tambayi Sani ko mu jira, ya ce kada a ajiye ta cikin zafin nan."

Na ce kun yi daidai, Allah ya ba mu haƙuri. Ban ga fuskarta ba, ban zuba mata ruwa ko moɗa ɗaya ba. A cikin gida wata maƙwabciyarsu da ta yi jinyarta ta kama hannuna ta kai ni ɗaki. Ita ta gaya mini abin da har yau yake tashe ni tsaye in na tuna. Filin jirgin Yola a cikin gari yake, ana jin saukar kowane jirgi daga asibitin. Ubanki ya riga ya gaya mata tun Litinin cewa ya kama mini wuri, da na ƙi kuma ya kasa faɗa mata. Ranar Talata da ta ji ƙarar jirgi yana sauka, ta ce a tayar da ita zaune, a goge mata fuska, a ɗaura mata ɗankwali, a kwantar da ke a gefenta ta inda mai shigowa zai fara gani. Ta ce Innata tana cikin wannan. Ta yi ta kallon ƙofa, da ta ga shiru ta ce a kira mata waya.

Garin kunun da na surfa don mai jego, masu zaman makoki aka dama wa. Suna sha suna cewa kunun Zariya akwai daɗi.

Ranar suna aka mayar miki da sunanta. Na zauna har aka yi arba'in, ubanki ya ce in tafi da ke, babu hannun da ya fi nawa. Ya ce jaririya ba ta jure hanyar nan, jirgi za mu hau. Wannan karon na ce to. Sani ya zo ya ɗauke mu, aka zaunar da ni a bakin taga. Jirgi yana ɗagawa na sa miki kwalbar madara a baki. Na leƙa na ga kogin Binuwai ya koma kamar kwararar ruwan wanki a tsakar gida, duwatsun da suka wahalar da motarmu kamar tsibin doya a kasuwa. Kika shanye, na ɗora ki a kafaɗa kika yi gyatsa, kika yi barci. Na ciro carbi na fara istigfari. Wata yarinya mai hula ta miƙo mini ruwa da biskit, ban ko ɓare ba, sai na ji murya tana cewa a ɗaura ɗamara, za a sauka Kano. Na taɓa Sani.

"Tsayawa za a yi a hanya?"

"A'a, Inna. Mun zo."

"Har mun zo? Shi ke nan tafiyar?"

"Shi ke nan."

Wake ma ya fi haka daɗewa a wuta. Iyakar abin da ke tsakanina da ita ke nan, na mayar da shi kwana biyu da hannuna. Kukan da ban yi a Gombe ba, ban yi a ƙofar gidan ubanki ba, ban yi ranar uku ko bakwai ko arba'in ba don kada a ce ina kukan 'yar fari, a nan ya ƙwace mini, da ƙarfi, har kika farka. Yarinyar mai hula ta rugo ta dafa ni tana cewa Hajiya kada ki ji tsoro, yanzu za mu taɓa ƙasa. Akwai mutanen Zariya a cikin jirgin, su suka kawo labarin gida. Sani ya ji ana yaɗawa ya bar shi, don ya rufa mini asiri. Asalin tsoron jirgin kakarki ke nan.

Da muka iso gida Maman Nkechi ta fito daga shago ta karɓe ki daga hannuna. Ba ta tuna mini maganarta ba, ranar ko bayanta, har yau. Tukunyar kuwa ubanki ya aiko da ita daga baya a mota, kamar yadda aka ce a yi tun farko, ko lotsawa ba ta yi ba. Taki ce. Ranar da naki jegon ya zo, in ina numfashi, ko a ina kike, ta biyo ni a baya.

Masu tatsuniya suna da abin da suke rufe zance da shi, ni ba ni da kan kusu ko na ɓera da zan jefa a nan. Abu ɗaya ya rage. Sunanta aka sa miki, shi ya sa na laƙaba miki Ummi, ke ma shekara goma sha tara ban kira ki da naki na yanka ba. Tana raye ban faɗa ba don kunya, ta rasu ban faɗa ba don ban ga na cancanta ba. Rubuta shi yanzu, a layinsa shi kaɗai, ki yi shi manya-manya yadda ko ni zan gane wurinsa a takarda.

Safiya.

Kin rubuta? To ajiye alƙalamin ki juyo nan. Share idonki. Zan sake faɗa, ke kuma ki amsa, in ji yadda ake amsa shi daga bakina.

Safiya.